Gwaggo Bambarakwai, Mai Duba Kwalabe

Ina da shekara bakwai na fara jin sunan, a tashar bas, ranar da aka je sayo mini takalman makaranta. Umma na rungume da Auta, wadda a lokacin watanta uku, ni kuma ina riƙe da yatsan Baba. Sai na ji hannunsa ya yi tauri. Bai ɗaga murya ba, ta gefen baki ya ce, "Ga Bambarakwai can. Rufe mata fuska." Umma ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe jaririyar ruf, ga rana ta take. Na waiwaya ina neman mahaukaciya ko wata dabba, don sunan bai yi mini kama da na mutum ba. Wadda na gani mace ce doguwa, siririya, cikin shuɗiyar rigar ma'aikata, da 'yar kular abinci a hannu, tsaye a tsallaken titi. Ba ta matso ba, ba ta ɗaga hannu ba. Mayafin kawai take kallo. Bas ta zo muka shiga, har muka sha kwana tana nan inda take.

Sai da na gama sakandare na san cikakken labarinta. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da zan rubuta na tsinto shi ne daga bakin Umma, da wata abokiyar aikinta da ake kira Mai Tabarau, da kuma bakinta ita kanta. Baba har yau bai ba ni ko kalma ɗaya ba.

Shekara bakwai ta ba Baba, ita ta goye shi. Ta yi aure, shekara uku ba haihuwa, auren ya mutu, ta dawo ɗakin mahaifiyarsu a gidan haya mai ɗaki biyu da baranda. Ba ta zauna jiran wani mijin ba. Ta nemi aiki a kamfanin lemon kwalba, aka sa ta a layin duba.

Aikin kuwa ga yadda yake. Kwalaben da mutane suka sha suka dawo da su, inji ne ke wankewa, sannan su jero a kan bel su wuce ta gaban wani farin allo mai fitila a bayansa. Mata biyu na zaune gaban allon a kan kujeru marasa majingina, don kada gyangyaɗi ya sami wurin sauka. Kwalabe na gudu kamar ana korarsu, ga ƙarar gilashi na bugun gilashi har mutum ya daina jin tunaninsa. Duk minti ashirin shugaban layin, wani gajeren dattijo da suke kira Mai Usur, sai ya busa, a canza mutane, waɗanda suka tashi su je su zauna suna kallon bango don ido ya huce. Babu abin da ba a tsinta a cikin kwalba: guntun kyandir, mataccen kyankyaso, ragowar fenti, ƙusa, har haƙorin mutum sun taɓa gani.

Ranar farko Mai Usur ya tsaya a kanta ya ce, "Yarinya, doka ɗaya ce a nan. In idonki ya tsaya a kan kwalba, cire ta. Kada ki tambayi kanki me ya same ta. Kina tambaya ta wuce, ta cika, an rufe, ɗan wani ya sha. Cire tukuna, a yi tunani daga baya."

Akwati biyu ne a gefen kowace kujera. Na farko na aibi, wato kwalba mai tsaga, ko ɓantaren baki, ko datti. Na biyu na kuskure, kwalbar wani kamfani da ta shigo layi, ko wadda aka manta ba a cire wa murfi ba. Wata uku da fara aiki Gwaggo ta samo kwali ta ajiye na uku. Mai Usur ya zo ya ɗaga ɗaya daga ciki, ya juya ta gaban fitila, ya shinshina, bai ga komai ba.

"Wannan me ta yi miki?"

"Ban sani ba, Baba. Bambarakwai ce dai."

Aka kwashe da dariya. Ya aika da kwalbar ɗakin gwaji don ya rufe mata baki, sai ga sakamako cewa an taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, wankin bai fitar da shi duka ba. Daga ranar kwalin ya zauna, sunan kuma ya bi ta.

Mutane kan faɗi kalmar nan ne da dariya, in sun ga wani da takalmi wari da wari, ko ƙato a kan keken yara. Ita ba ta taɓa faɗinta da wasa ba. Ta kan ce wa sababbin ma'aikata, "Aibi kina iya nuna shi da yatsa. Kuskure kina iya nuna wanda ya yi shi. Bambarakwai kuwa ba ki da abin nunawa, kin dai san wannan ba ta bi sahun 'yan'uwanta ba. Kuma ba zagi ba ne. Cikin goma da nake cirewa, bakwai lafiyarsu ƙalau, gilashin ne ya ɗan fi kauri ko ya ɗan fi duhu, a mayar da su layi ba wanda ya yi asara. Saboda ukun nan ake biyanmu."

Mai Tabarau, wadda suka shekara ashirin kafaɗa da kafaɗa, ta kan tsokane ta lokacin kallon bango. "Ke da wannan idon naki, wa zai aure ki? Sai an ɗora bawan Allah a bel ya wuce gaban fitila."

"Da na ɗora na farkon, da ban ɓata shekara uku ina wanke masa wando ba."

"Wane akwati za ki sa shi?"

"Na kuskure mana. Na wani kamfani ne ya shigo layina."

A lokacin Baba direban babbar mota ne, ya kan yi sati biyu ko uku a hanya. Ya auro Umma tana da shekara goma sha takwas, suka ɗauki ɗaki ɗaya, Gwaggo da Kaka suka riƙe ɗayan. Da aka haifi yayana, Baba ya sa masa Manaja, wai don in ya zaunar da shi a gaban mota sai ya harɗe yana kallon mutane kamar shi ke biyan albashi. Gwaggo ba ta da ɗa, duk abin da ta tara na so a kansa ya ƙare. Tana dawowa daga aiki, kafin ta tuɓe riga sai ta ɗauke shi.

Wata Asabar da la'asar ta shigo ta same shi zaune a tabarma yana dukan murfin tukunya da cokali. Watansa goma sha uku. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa. Ya ji motsinta ya juyo yana dariya, sai baƙin idonsa na hagu ya yi wani fari ƙal, irin na mage in fitilar mota ta haska ta, ya ɓace nan take. Ba ta san lokacin da ta sure shi ba. Ta tsinci kanta a bakin taga tana juya kansa dama da hagu, yaron na tsala ihu.

Umma ta shigo da gudu, hannu duk kumfa. "Yaya, lafiya? Kunama ce?"

"Idon nan bambarakwai ne."

"Wane ido?"

"Na hagu. Zo ki gani. Tsaya nan. A'a, nan."

Umma ta duba, ba ta ga komai ba sai ido mai hawaye. Kaka ta taso ta fizge jikanta. "Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri. Aikin nan ya cinye miki ƙwaƙwalwa. Yaro ƙato tuɓul, yana gani yana ɗaukar abu, ki ce me? Tofar da yawun bakinki!"

Ta tofar don a zauna lafiya, amma kwana uku tana bin yaron da kallo. Sau huɗu ta sake gani. Ta rufe masa idon dama da tafin hannu, ya yi ta fizge-fizge kamar an kashe masa fitila. Ta rufe na hagu, ko a jikinsa. Ranar Laraba ta ɗauki hutu, ta ce wa Kaka za su kasuwa, ta tasa Umma gaba sai asibitin ido.

Likitar dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi. Ta ɗiga magani, ta kai su ɗaki mai duhu, ta daɗe tana leƙe. Da ta gama ta kalli Umma ta ga yarinya ce, sai ta yafito Gwaggo waje.

"Ciwon daji ne a cikin idon. Ya riga ya cinye ganin. In an cire idon yanzu, ina sa ran zai rayu. In an bar shi, zai bi jijiya ya shiga kai. Ina uban?"

"Yana hanya. Sai nan da kwana tara."

"Kwana tara ba zai kashe shi ba, kuna iya jiransa. Amma kada ya wuce haka da yawa. Kuma ki riƙe wannan: abin ya kan bi jini. Duk wanda aka haifa bayansa a kawo mini shi tun yana jariri, ko ba a ga komai ba."

Gwaggo ta tsaya a barandar asibitin. Ta san ƙanenta, ita ta raine shi. Mutum ne da in taya ba ta fashe ba ba ya canza ta. Zai dubi idon nan baƙi sumul ya ce wa zai taɓa masa ɗa, Kaka ta goya masa baya, a shiga yawon neman magani har lokaci ya ƙure. Duk wannan bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Ta koma ciki ta ce wa Umma, "Likita ta ce jibi, in ba haka ba mun rasa shi."

"Yaya, Babansa fa?"

"Babansa zai tarar da ɗa mai rai. Sa hannu."

Umma ta sa hannu. Ranar Juma'a aka cire idon.

Baba ya dawo a kan lokacinsa, da 'yar motar roba a hannu, yana kiran "Ina Manaja? A fito a biya ma'aikata!" tun daga ƙofar gida. Ya ɗaga labule ya ga ɗansa da bandeji ya zagaye rabin kai. Aka yi masa bayani a tsaye. Ya fita ya tafi asibiti shi kaɗai. Can likita ta gaya masa komai, har da maganar kwana tara, don ba ta san an ɓoye ba.

Ya dawo ya tsaya a baranda. "Yaya, fito."

Ta fito.

"An ce miki a jira ni?"

"An ce."

"Kika ce wa yarinyar nan jibi."

"Na ce."

"Don me?"

"Don da ka ƙi."

"Da na ƙi, da na yarda, ai ɗana ne! Da ko kallon ƙarshe na yi wa idon. Na tafi na bar yaro da ido biyu lafiyayyu, na dawo kin cire ɗaya kin jefa a kwali. Ɗana ba kwalba ba ne, Yaya!"

"Ba lafiyayye ba ne, ƙanena. Likita ta nuna maka."

"Likita ta nuna mini hoto. Ni idon na sani." Ya ƙara ɗaga murya. "Ki tattara kayanki. Kuma na rantse, idonki ba zai ƙara sauka a kan ɗan da na haifa ba."

Gwaggo ta ɗaure kayanta a zanen gado, ta kama ɗaki ɗaya a bayan kamfani, inda ƙarar kwalabe ke shigowa ta bango. Labari ya zaga unguwa, ya sauya kama a hanya. Aka ce mugun ido gare ta, in ta kalli yaro sai wani abu ya same shi. Matan da a da suke miƙo mata 'ya'yansu ta riƙe, yanzu in sun hango ta sai su juya goyo bango. Sunan da aka sa mata don yabo a wurin aiki ya koma abin tsorata yara.

Da aka haife ni Gwaggo ta aiko da saƙon likita ta bakin Mai Tabarau. Baba ya kori 'yar aiken. Amma Umma, wadda ba ta taɓa musu da kowa ba, wata rana a kasuwa ta hango Gwaggo wajen masu sabulu, sai ta kwance ni ta ɗora a kafaɗa, ta juya baya kamar tana taya kaya, fuskata na kallon rana. Sau uku suka yi haka a wata shida, ba wadda ta yi wa wata magana. A na ukun Gwaggo ta gyaɗa kai ta wuce. Wata maƙwabciya ta kai wa Baba rahoto. Ba a jima ba ya bar doguwar hanya ya koma rarraba kaya a cikin gari, kullum yana gida. Saboda haka da aka haifi Auta, Umma ba ta fita da ita sai da shi, kuma sai da mayafi.

Auta na da shekara ɗaya da rabi ɓarin jikin Kaka ya shanye. Sai an juya ta, an wanke ta, an ba ta abinci a baki. Umma ga yara uku, ta rame ta zama kamar tsinke. Gadon bayan Kaka ya fara gyambo. Da Baba ya ga ba sarki sai Allah, ya aika a gaya wa yayarsa ta riƙa zuwa jinyar uwarta bayan ta tashi aiki, bisa sharaɗi: ɗakin Kaka kawai, ba ruwanta da yara, ranar da ta yi maganar idon wani, ranar ce ta ƙarshe.

Shekara tara rabonta da gidan. Ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa, ta durƙusa gaban gadon. Kaka ba ta iya magana sosai, amma ta kama rigar ma'aikatan da hannunta mai lafiya ta ƙi saki. Gwaggo ta wanke gyambon, ta canza shimfiɗa, ta yanke mata farce. Cikin sati biyu ɗakin ya daina wari. In ta zo, ni ake ba tsaron Auta a ɗaya ɗakin, ƙofa a rufe.

Wata la'asar ina fama da aikin lissafi, ban ja ƙofar da kyau ba. Auta ta fice da tafiyarta ta 'yan koyo, ta ɗauki takalmin Kaka a baranda ta shiga kai mata. Gwaggo na zaune a bakin gado da kwanon ruwa. Yarinyar ta tsaya daidai inda hasken taga ya faɗo, ta ɗaga takalmin tana murmushi ga baƙuwar da ba ta sani ba. Idon dama ne wannan karon.

Gwaggo ta ajiye kwanon. Ta ji hannunta ya tashi, sai ta tura duka biyun ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Haka na shigo na same ta, na ja Auta na fita ina addu'ar kada Baba ya ji.

Gwaggo ta yi tunani wannan karon, tunani mai yawa. Ta ce wancan karon gaggawa ce ta ɓata komai, yanzu za ta bi ta ƙofa. In ta faɗa yau, za a kore ta, ba za a kai yarinyar ko'ina ba, uwarta kuma ta ruɓe a kan gado. Gara ta jira ranar da ƙanenta ya sauko. Ga shi ya fara amsa gaisuwarta, ran nan ma har ya ce mata sannu da ƙoƙari. Ta ce bari ya ƙara laushi. Ta yi niyyar raɗa wa Umma, sai ta tuna abin da sa hannun nan ya jawo wa Umman, ta fasa. Kullum a layi, tana cire kwalabe ba tare da tambaya ba, tana shirya kalmomin da za ta faɗa. Kullum ta iso gidanmu ta ga fuskar Kaka ta ce gobe. Mai Tabarau ta ce a kwanakin nan in an busa usur ba ta kallon bango, tafin hannunta take kallo.

Sati goma sha ɗaya aka yi haka, sannan Kaka ta rasu.

Da masu gaisuwa suka ragu, ta same shi a baranda yana wanke ƙafa. Ta durƙusa, ita da ta goye shi.

"Ƙanena, ina da magana. Ba zan taɓa ta ba, ba zan kai ta ko'ina ba. Kai za ka kai ta da hannunka. Auta, idon dama."

Ya ajiye butar a hankali. "Ƙasar kabarin uwarmu ba ta bushe ba."

"Na sani. Na daɗe da gani, na yi shiru. Ban kyauta ba da na yi shiru."

"Kin cinye ɗaya bai ishe ki ba?"

"Ka zage ni yadda kake so, ka dai kai ta. A duba kawai. In lafiya take, ka dawo ka tofa mini yawu."

"Tashi ki fita."

"Don Allah, don darajar wadda muka binne."

"Na ce fita, Bambarakwai!"

Shi ne karo na farko da ya kira ta da sunan a gaban idonta. Umma na bayan labule ta ji komai. Ta roƙe shi, ya ce in ta fita da yarinyar kada ta dawo. Shi kansa ya kan ɗauki Auta ya kai ta bakin taga in yana zaton ba mai ganinsa, ya duba, ya duba, ya sauke ta ya ce lafiyarta lau. Na yarda bai gani ba. Ba kowane ido ke gani ba, kuma nasa ba ya so.

Bayan wata huɗu idon ya fara turowa waje. Auta ta daina wasa, ta kan kwanta ta manna goshinta da simintin ɗaki don sanyi, tana wani kuka siriri. Baba da kansa ya saɓe ta a kafaɗa, ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba. Likitar nan ce dai, furfurar ta gama kai. Ta duba, ta dubi Manaja da ke tsaye a gefe da idonsa na roba, ta gane su. Ta ce, "Yaushe kuka fara gani?" An cire idon, an yi ta ƙarin ruwa da allurai, gashinta ya zube. Ba ta cika shekara uku ba.

Gwaggo ba ta zo gaisuwa ba, ba a kuma aika mata ba. Daga baya ta je asibitin ta zauna a layi tun safe kamar mara lafiya, da aka kira ta ta tambayi likita abu ɗaya: da an kawo yarinyar sati goma sha ɗaya kafin ranar da ta yi magana, da ta rayu? Likita ta ce ba wanda zai iya sani. Gwaggo ta ce mini, "Na jira ta ce a'a. Ba ta ce ba."

Baba bai ƙara furta sunan ba, na zagin ko na gaskiyar. Bai je wurinta ba. In bas ta bi da mu ta gaban kamfani sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman abu a aljihu. Manaja ya girma ya zama mai gyaran waya, mutum mai barkwanci. Ya kan ce shi kaɗai ne a gidanmu yake wanke idonsa a kofi. Sai da ya kai shekara ashirin Umma ta gaya masa wadda ta kai shi asibiti. Ya ce, "To ni gode mata zan yi ko me?" Sau biyu ya je har ƙofar ɗakinta ya juyo.

Ni na shiga. Lokacin kamfani ya kawo injin da ke duba kwalabe da kansa, an sallami matan layi duka. Na same ta zaune a bakin katifa, ɗakin tsaf, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Shekara talatin gaban fitila sun bar mata yana a ido biyu, sai ta matso da fuskata dab da tata kafin ta ce, "Ta tsakiyar ce. Malama 'yar makaranta. Ke na duba a kasuwa." Daga nan duk Asabar ina can. Ba ta taɓa kare kanta ba. In na ce ai ita ta ceci Manaja, sai ta ce, "Na yi wa uwarki ƙarya, rubuta wannan ma." In na ce laifin Baba ne, sai ta ce, "Ubanki ya kalli ɗansa ya ga an yanka ba a tambaye shi ba. Ke ba ki haihu ba, ni ma ban haihu ba, mu bar shi."

Ta rasu bara, bayan auren Manaja da wata biyu. Baba ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a watse. Yanzu matar Manaja na da ciki wata bakwai, kuma a gidanmu ba wanda ya ta da maganar asibitin ido, har shi Manajan.

Asabar ta ƙarshe da na same ta da ƙarfinta, na gaya mata an sa ranar auren. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi baƙin ciki ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Malama, abu ɗaya zan roƙe ki. In sun haihu, ni ko ina raye ba na gani. Kada ki tsaya jiran sai kin ga fari, idonki ba na layi ba ne, zai wuce ki. Tun a satin farko ki ce a kai shi a duba. Ba uwar za ki ja gefe ba, yarinya ce, kada ki ɗora mata. Ki sami yayanki da ubanki a zaune wuri ɗaya, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Za su ce bakinki ba alheri. In sun kore ki, ki kwana wurin Mai Tabarau, da safe ki koma ki sake faɗa. Kada ki ce gobe. Kin ji ni? Ce mini kin ji."